Kafin ka ce hassada suke maka, lissafa abin da ka rage musu

Ƙanena, ranar da ka daina zaman fada, majalisar shayin samari, har ƙarfe biyun dare don ka shiga koyon walda a Sabon Garin Damagaram, ko ka ajiye tramol, ko ka koma lakwal bayan shekara uku da bari, kunnenka zai sha magana. "Malam ya shiryu." "Alhaji, a dai riƙa tunawa da mu." Wani zai amsa sallamarka a ciki-ciki, wani ya je har gida ya gaya wa tsohuwa ka fara ɗaga kai. Abin da zai zo bakinka shi ne hassada ga mai rabo taki ce. Karin maganar gaskiya ce, sai dai tana sa mutum ya rufe lissafi da wuri. Ni da ita na rufe nawa, na kira kowa mahassadi, alhali rabinsu bashi suke bi na, na kuɗi ko na zumunci.

Fara da tabarmar shayi. A ce ku takwas ne, kowa yana ajiye dala ashirin a dare don ganye, sukari da gawayi. Fitarka ta cire jika uku a wata, kuma wani ne zai cike giɓin. Wannan ma ƙarami ne. Akwai moton da kake ba da aro, akwai wanda kake kaiwa kasuwar Dole ran Alhamis ba ka karɓi ko dala ba, akwai karo-karon da fada ke yi idan suna ko aure ya taso, ko an kama ɗayanku. In bara an tara maka lokacin da iyalinka ta sauka, bana kuma ka ɓace kafin juyin wani ya zo, ba ka da bambanci da wanda ya kwashi adashen farko ya daina zubi. Fushin da za a yi maka a nan sunansa haƙƙi. Ɗauki takarda ka rubuta: wa ya ranta maka, nawa, wa aka yi wa hidima ba ka rama ba. Biya ko da dala hamsin-hamsin ne, kuma ka kai da hannunka, kada ka ba yaro.

Na biyu ya fi wuya, don ba a biyansa da kuɗi. Kowace fada tana da manya da ƙanana ko da ba a faɗa ba. Wanda ya saba saya maka sigari, ya aike ka sayen gawayi, girmansa a kanka yake zaune. Ranar da ka daina buƙatarsa ka rage masa tsawo. Shi ya sa ba za ka ji ana jin haushin babban attajirin Birni ko ma'aikacin matatar mai ta SORAZ da ba a sani ba, sai na wanda aka sha kofi ɗaya da shi. Ga kuma maganar da kowa ke jingina da ita: garin nan ba aiki sai mai hanya. Akwai gaskiya a cikinta, Damagaram ba ta da ayyukan da za su ishi matasanta. Amma kullum ka wuce da ƙarfe bakwai na safe da rigar aiki mai baƙin mai, ka huda musu wannan magana ba tare da ka buɗe baki ba. Mutum yana iya yafe zagi, da wuya ya yafe wa wanda ya tuna masa abin da shi ma zai iya yi bai yi ba.

To, kada ka ƙara gishiri. Kuskuren farko shi ne shela. Annabi Yaƙub ma ya hana Yusuf gaya wa 'yan'uwansa mafarkinsa, kuma jini ɗaya suke. Bari sai ka yi wata biyu ko uku a wurin aikin, hannunka ya fara faɗawa, sannan a ji. Wanda ya yi shela kuma ya faɗi a mako na biyu, sau biyu za a yi masa dariya, kuma kunyar ce ke mayar da shi inda ya fito. Kuskure na biyu wa'azi, kuma shi na fi yi. Mai kwana ashirin da barin ƙwaya ba shi da bakin gaya wa kowa ya ji tsoron Allah. Kada ka ce "na daina zaman banza", don ka kira nasu zaman banza ke nan. Ce "maigida yana nemana da sassafe". Ɗora laifin a kan aiki, ba wanda zai yi faɗa da aiki.

Kuma a hankali ake janye jiki. Daga dare bakwai ka koma uku, bayan wata guda ka bar wa kanka daren Juma'a kaɗai. Je bayan isha'i, ajiye kuɗin shayinka cikakke, sha na farko mai ɗacin nan, ka tashi kafin na biyu. Wanda ya biya ya tafi ba a cika zaginsa ba. Biki kana iya aika gudummawa, amma ta'aziyya da ƙafarka za ka je, ka koma ran sadakar uku. Mutanen garin nan suna manta wanda ya hana su rance, ba sa manta wanda bai zo gaisuwar mahaifinsu ba.

Wuri ɗaya ne wannan lallami ba ya aiki: inda ƙwaya ke yawo. Tramol dangin magungunan kashe ciwo ne masu kama jiki. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, alhali na bakin titi ƙwaya ɗaya tana kai 225, kuma yawansa yana kawo farfaɗiya. In ka yanke shi farat ɗaya, cikin kwana guda za ka fara gumi, ciwon gaɓoɓi, zawo, hanci na zuba, barci ya ƙi zuwa. Kwana na biyu da na uku su ne mafi tsanani, yawanci jiki yana sassautawa bayan mako guda. A daidai kwanakin nan ne aboki zai miƙo maka ɗaya kyauta, yana cewa tausayinka yake ji, mai sayarwa kuma ya ce ka karɓa bashi. Je wurin likita ya tsara maka yadda za ka rage a hankali, kuma ka ƙaurace wa tabarmar gaba ɗaya na wasu watanni, ko da za ka koma wurin dangi a Mirriya ko Matamaye. Wanda ke barin pale kuwa, wato gungun samari 'yan daba, ya sani fushinsu tsoro ne, don ya san sirrinsu kuma suna zaton zai kai wa 'yan sanda. Kada ya yi sallama shi kaɗai. Ya nemi liman ko mai unguwa, a gabansa ya faɗa cewa aiki ya tafi nema, ba ƙarar kowa ba.

A gida ma akwai nata. Ana ganin kana fita kullum za a ɗauka kuɗi ya zauna, alhali yaron shago sai abin da maigida ya miƙo na abinci. Faɗa wa tsohuwa ainihin abin da kake samu, ka yanke abin da za ka riƙa ba ta kowane mako, ko jika ɗaya ce, kada ya canja. Ke ma ƙanwata da kika fara ɗinki ko kika koma karatu, facala da ƙawaye za su ce kin raina zaman gida. Kada ki fasa zubin adashe, kuma ɗinkin farko da ya yi kyau ki yi wa wadda ta fi yawan magana.

Bayan ka biya bashi, ka je gaisuwa, ka riƙe bakinka, za a samu ɗaya ko biyu da ba su huce ba. Waɗannan su ne masu hassadar gaske, kuma hanyarsu ɗaya ce: zuwa wurin maigidanka ko iyayen yarinyar da kake nema su tono tarihinka. Riga su. Tun makon farko ka gaya wa maigida da bakinka inda ka zauna da abin da ka sha. Ranar da mai gulma ya iso garaji da labarinsa, maigida zai ce ya sani, ya ci gaba da ɗaure kusa.