A Riƙe Kayan Tukuna

Ranar Asabar bayan la'asar na kai wa Kawu maganinsa a Ƙofar Doka. Na same shi a zaure, rediyo a cinya, ana labarin kadarorin da EFCC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta ƙwace. Ya rage murya ya ce, "Kai ɗan nan, yaya za a karɓe dukiyar mutum alhali alƙali bai ce ɓarawo ne ba?"

Na ce, Kawu, ai a nan dukiyar ake tuhuma. Hukuma za ta kai wa kotu dalilinta na zargin cewa kayan na haram ne, alƙali ya ba da umarnin a riƙe su na wucin gadi, a buga sanarwa a jarida, galibi a ba da kwana 14. Mai kaya ya fito ya nuna inda ya samo. In ya kasa, sun zama na gwamnati. Sashe na 17 na dokar damfara ta 2006 ya ba da wannan dama, kuma a 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta faɗaɗa ta.

Ni dai ina goyon baya, ba na ɓoyewa. Shari'ar manya takan ci shekara goma ana ɗagewa, kafin a gama an sayar da gida, kuɗi sun haye teku. Ta wannan hanya aka ƙwace sama da dala miliyan 43 da aka tarar jibge a wani gida a Ikoyi a 2017, da rukunin gidaje 753 a Abuja a Disambar 2024. Ga ma na kusa: jami'ar da aka ƙwace a Kachia yanzu ta gwamnatin tarayya ce, 'ya'yan talakawa za su shiga.

Amma Kawu ya kama ni a wuri ɗaya, kuma tun ranar abin na cina. Ya ce, "Wa ke karanta jaridar Turanci a unguwar nan?" Mutum ya tara guminsa ya sayi fili a Gwargwaje, takardarsa ta mai unguwa ce da shaidu biyu, bai san cewa da kuɗin fansho na wasu wanda ya sayar masa ya mallaki filin ba. Kwana 14 su wuce bai ji ba bai gani ba. Doka ta ba shi damar kare kansa, to amma sai ya sani, sai kuma yana da kuɗin lauya.

Ina roƙo a riƙa karanta irin wannan sanarwa da Hausa a Rediyon Tarayya na Kaduna, a kuma liƙa ta a jikin bangon kadarar.