Ƙudan zuma sun tare a Muzen da na ƙera

Ni kafinta ne a Yamai, amma in aiki ya yi sauƙi abin da hannuna ke so shi ne ƙananan gine-gine na katako. Bara na ɗauki wata biyu ina kwaikwayon ɗaya daga cikin ɗakunan gidan tarihi na Bubu Hama, Muze ke nan, wanda aka buɗe a 1959. Sau huɗu na je da igiyar awo, har mai gadi ya fara yi mini kallon ɓarawo. Kowace mita ɗaya ta ginin na mayar da ita santimita 5. Zankwayen saman nan su suka fi ba ni wuya, da zanen shuɗi a kan farin bango, wanda na ja da tsinken tsintsiya.

Wanda ya sa ni aikin bai dawo ba, kuɗina ma bai cika ba. Na ɗora abin kan rumfa bayan mangwaro, na manta.

Da rani sai ɗiyata ta shigo da kumburarren kunne. Ashe ƙudan zuma sun shiga ta ƴar tagar da na fafe, sun tare.

Kawuna ya zo daga Tawa a makon. Shi ya gaji amya: a saƙa ta da gamba, a shafe da kashin shanu, a rataye a kan gawo, ranar ɗiba a hau da dare da wuta. Ya zagaya ginin nawa, ya ja rufin, ya ƙi motsi. Ya ce, "Ɗana, ka yi musu gida amma ba ka bar musu hanya ba."

Maganarsa ta kai ni ga karatu a waya. Tun wajen shekara 2400 kafin haihuwar Annabi Isa, Misirawa sun zana masu busa hayaƙi a bakin amya a jikin bango. Amma sai a 1851 wani limamin coci a Amurka, Lorenzo Langstroth, ya gina akwati a kan wani ɗan awo: tazarar da ke tsakanin milimita 6 da 9 ƙudan zuma na barin ta su riƙa wucewa. In ta gaza haka su liƙe ta da danƙo, in ta wuce su cika ta da saƙa. Shi ya sa ake zare katakan akwatinsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ƙona kowa ba. Ni da ke taƙama da awo, milimita uku ɗin nan ban san da su ba.

Kawu bai damu da Langstroth ba. Da magariba ya kunna busasshen kashin shanu, ya sa wuƙa ya yanke rufin Muzena, ina tsaye ina jin kamar fatata ake yanka. Mun samu zuma cikin ƙaramin kwano, baƙa-baƙa, mai ƙanshin hayaƙi. Ɗiyata mai kunnen ita ta fara lasa.