Jan biro da tazara ta biyar

Wata shidan farko da na yi ina koyon ƙa'idojin kiɗa, ban rubuta komai da zan iya nuna wa mutane ba. Malamina ya dire min littafin Johann Fux, Gradus ad Parnassum, wanda aka buga a 1725, ya ce manyan masu tsara kiɗa Haydn da Beethoven ma ta nan suka bi. Aikin kullum iri ɗaya ne: a ba ka layin sauti, ka ɗora wani a kansa, ɗaya bisa ɗaya. Ni da na zo da burin rubuta wa makaɗa sittin, sai ga ni ina ƙirga tazara da yatsu.

Dokar da ta fi ci min rai ita ce ta tazara ta biyar, wato nisan da ke tsakanin do da so, sauti na farko da na biyar a jerin do-re-mi. An hana muryoyi biyu su tashi daga wata tazara ta biyar su sauka tare a kan wata tazara ta biyar. Duk takardar da na kai, da jan biro take dawowa. Rannan haƙurina ya ƙare, na ce, "Malam, wai wannan doka me take tsarewa?" Sai ya ce in rera muryar ƙasa, shi ya ɗauki ta sama, muka bi kuskuren yadda na rubuta shi. Muna isa wurin na daina jin mutum biyu. Muryarsa ta shige cikin tawa, kamar an zuba ruwa a ruwa.

Daga baya na gane dalili. A tazara ta biyar, sautin sama yana kaɗawa sau 3 a lokacin da na ƙasa yake kaɗawa sau 2, don haka suna haɗuwa sumul, kunne ya ɗauke su abu guda. Wanda kuwa yake saƙa muryoyi huɗu so yake kowacce ta tsaya da ƙafarta.

Tun ranar na bar rubutu da ido kaɗai. Na koma wa waƙoƙi 371 masu murya huɗu na Bach, mai tsara kiɗa Bajamushe, in kaɗa uku a fiyano, in rera ta huɗun da bakina. Murya ta biyu daga sama ta fi koya min aiki, ita da ba a cika lura da ita ba, alhali in ta gurɓace duk ginin ya karkace.

Debussy fa, mai tsara kiɗa Bafaranshe, ya jera irin waɗannan biyar ɗin da gangan a kiɗansa na fiyano na 1910 kan majami'ar da ta nutse a teku, saboda wannan narkewar yake nema. Ni ma na gwada a ƙaramin kiɗan da na tsara wa makaɗa huɗu. Malam ya kai biro wurin, ya dakata, ya ce, "Da gangan?" Na ce e. Ya wuce. A shafi na gaba ya zagaye wata biyar ɗin da ni ban ma san tana nan ba.