Yadda na koyi cewa "ba wuri" a shagon ɗinkina

Ni tela ne, ɗinkin maza nike, shagona na nan wajen Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, ni da yara ukku. Abunda zan faɗa na daɗe ina son in faɗe shi, ko dan ƴan uwana teloli da duk mai sana'ar da jama'a ke kawo ma aiki suna jira.

Kowa ya san sunan da mukayi. In akace tela, abu na farko da ke zuwa ma mutum a rai shine saɓa alƙawari, kuma ni ba zan tsaya ina kare mu ba dan nima nayi shekaru cikin wannan halin. Amma wallahi ban taɓa karɓar yadin mutum da niyyar in cuce shi ba. Kunya ce ke hana ni cewa a'a. Mutum zai shigo da ledarshi saura kwana goma Sallah, ya gaishe ka da fara'a, ya tambayi iyali, yace ai wane ne ya turo ni wurinka, kai kuma kana kallon tulin kayan da ke bayanka har sun kusa taɓa silin, zuciyarka na gaya maka ba zai yiwu ba, amma sai kaji bakinka yace "aje Alhaji, in sha Allah." Wannan in sha Allah ɗin ita ta kusa kashe mani suna a garin nan.

Ƙaramar Sallar 2023 ita ce ba zan manta ba, wadda ta faɗo ranar Juma'a 21 ga Afrilu. Shekarar ce aka sha wahalar canjin takardun naira, mutane sun ga ta kansu, da yawa basu samu sayen yadi da wuri ba sai da azumi ya raba, sai kowa ya taso lokaci guda. Ni kuma duk wanda ya kawo karɓa nike, ko sisi ban amsa na kafin alƙalami ba, ina ganin ai ana cikin matsi kada in ƙara ma mutane. Goman ƙarshe bamu ga katifa ba. Daga sahur sai keke, a sha ruwa bisa keke, in an ɗauke wuta a tada janareto, yaran nan idanunsu sunyi jawur har ɗaya ya ɗinka hannun riga a juye bai sani ba.

Daren Sallah wajen ƙarfe ɗaya wani Alhaji ya shigo, tsohon kwastomana ne tun ina yaron shago wurin maigidana. Shaddar ɗiyanshi maza ukku ya kawo mani tun azumi na bakwai. Ya zo da ɗan autan a bayan mashin, yaro bai wuce shekara shidda ba, barci ya cika mashi ido amma ya ƙi zama gida dan yana son ya riƙo kayanshi da kanshi. Na shiga tona kaya ina addu'a a zuci, can ƙasa na ciro ledar, ƙullinta na nan yadda ya kawo ta, ko alli ban ɗora ma shaddar ba balle almakashi. Yaron ya leƙa ledar, ya ɗago ya kalli babanshi yace "Abba ina rigar?" Alhaji bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ya miƙo hannu ya karɓi ledar yace "Allah shi kyauta," ya kama hannun yaron suka fita. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Da safe naje idi ina ta sunkuyar da kai kada mu haɗa ido.

Bayan Sallah na rufe shago kwana huɗu, na zauna da littafi ina lissafin abunda ya kamata ace nayi tun shekarun baya. Kaftani da wando guda nawa zamu iya gamawa a yini ni da yaran, ɗinki mai kyau ba na a rabu da mutum ba, da yanka da ɗinki da wibin da aikin wuya da maɓalli da guga? In ka cire ranakun da wuta zata ɓata mana, ka cire lokacin da babbar riga ke ci wurin masu aiki, ka cire ranar da ɗaya daga cikinmu zai kwanta zazzaɓi. Da na haɗa sai naga abunda muke iyawa cikin azumi gaba ɗaya bai wuce kaya ɗari da ƴan kai ba, ni kau na karɓi sama da ɗari biyu. Wato tun ranar da na amsa ma Alhaji na riga na saɓa mashi, ban dai ƙirga bane.

Wata ɗaya da ƴan kwanaki bayan nan, ranar 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga wajen naira 200 ta haura 500. Mu da janareto ke riƙe da mu in aiki ya taso, wannan ya taɓa mu sosai. Na buɗe littafin bashi naga sunaye, wasu tun Babbar Sallar 2022, kuma yawanci ba talakawa bane, mutanen da ake jin nauyinsu ne. Da kuɗina nike sayen zare da mai in biya mai aikin wuya in sallami yara, mai kaya ya saka rigarshi yaje ɗaurin aure yace mani "zan maka transfa" shiru.

To daga nan na fara gindaya ƙa'ida, kuma ba zan ce maku da sauƙi ba.

Ta farko ita ce adadi. Azumin 2024 da ya kama 11 ga Maris, tun cikin Sha'aban na rubuta a takarda na liƙa a ƙofa, na sa a sitatus ɗin WhatsApp, cewa kaya kaza zamu karɓa na Sallah, in sun cika mun rufe. Kowane ɗinki da lambarshi da ranar karɓa, in rubuta a littafi in rubuta a ƴar takarda in ba mai kaya. Azumi na tara littafin ya cika. Washegari wani babban mutum ya turo direbanshi da shadda kala biyar, na idi da na hawan Bariki da na yawon Sallah, irin kwastoman da kowane tela ke fata. Na kira shi da kaina nace "ranka shi daɗe kayi haƙuri, ba wuri, in na karɓa zan saɓa maka, kuma gara kaji haushina yau da kaji shi daren Sallah." Yayi shiru, sannan yace zai ninka kuɗin. Wallahi hannuna rawa yake, dan kuɗin da ya faɗa sun isa su biya mani hayar shago ta watanni. Na maimaita mashi haƙuri, na faɗa ma direban shagon wani abokin sana'ata da na san hannunshi na da kyau kuma yana da sauran wuri. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maganar kuɗin gaggawan nan da wasunmu ke amsa, bari in ɗan tsaya kanta. Ni dai ban yarda da ita ba lokacin Sallah. Yini awa nawa ne? In ka amshi ninki ka sako ɗinkin mai kuɗi gaba, to akwai wani da ka tura baya, kuma kullum wanda ake turawa shine malamin firamare ko ɗan achaɓan da ya tara kuɗi da ƙyar ya kawo yadin ɗiyanshi tun farkon azumi. Haƙƙinshi ka saida ba lokacinka ba.

Kafin alƙalami kuma rabi nike amsa, sauran ranar karɓar kaya, kuma kaya basu fita sai naji alat ko an cire a POS. Da farko nauyi nike ji kamar ina zargin mutane, sai wani malami a unguwarmu ya tuna mani cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. Tun daga ranar hankalina ya kwanta da littafina. Abun da ban zata ba, rabin nan ni ya fi ɗaurewa, dan wanda ya ci ladan kuturu dole yayi mashi aski, in kuɗin mutum na aljihunka baka iya barci ka bar yadinshi a ƙasa.

Inda abun ya fi ciwo dangi ne. Baƙo in kace mashi ba wuri yayi tsaki ya tafi shikenan, amma ɗan uwa gida zai kai ƙararka. Kawuna ƙanen mahaifiyata ya saba duk Sallah ya aiko da kayan gidanshi kaf saura mako guda, ba maganar kuɗi, ni ma ban taɓa tadawa ba. Shekarar da na fara ƙa'idar nan ban jira ya aiko ba, na sayi goro da ɗan sukari naje gidan tun kafin azumi, na zauna ƙasa na gaishe shi nace "Kawu wata alfarma nazo nema. Naka ɗinkin na jikinka ni zan riƙa yi kyauta har iya raina, amma dan Allah a kawo shi kafin a ga wata, na samari kuma su riƙa biyan ko kuɗin zare da na yara ne, dan yanzu ba ni kaɗai ke ci a shagon ba." Ya kalle ni yace "wato yanzu mu ma sai mun bi layi kenan." Nace "ba haka bane Kawu, tsoro nike kada in baka kunya." Bai ce komi ba. Kwana biyu mahaifiyata ta kira ni tace mi na faɗa ma ƙanenta, ana ta cewa nayi kuɗi na fara girman kai. Na kwashe labarin yaron Alhaji na gaya mata tun daga farko, ta daɗe batayi magana ba, sannan tace "to ka dai riƙa sassauta harshe, zumunci ba'a wasa da shi." Kawu bai kawo ɗinki ba waccan shekarar, gaisuwa ma sama sama yake amsa mani har bayan Babbar Sallah. Ban daina zuwa gaishe shi ba duk Juma'a, da abunda ya sawwaƙa a hannuna, dan na lura in zaka tsuke ma dangi ta ƙofar shago to sai ka ƙara buɗe masu ta ƙofar gida, in ba haka ba da gaske girman kan ne.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Na raba layin waya, na shago daban na gida daban, na shagon in anyi isha'i kashe shi nike sai safe, banda goman ƙarshe. Maman yara ita ta fi kowa murna da wannan, da ana cin tuwo ana kirana kan tsawon wando. Majalisar da abokai ke kafawa cikin shago su yi caji su ɗaga shaddar mutane suna tambayar ta waye nawa ya saya, na roƙe su suka koma benci a waje. Ɗinkin mata da nike karɓa jefi jefi dan kada in maida mutum na daina, ba fannina bane, akwai wanda ya fi ni a layinmu can nike turawa.

Na rasa kwastomomi, ba zan ɓoye ba, wasu sun tafi basu dawo ba, kuma kuɗin da ya shigo Sallar 2024 bai kai na shekarun da nike kwasar komi ba in ka duba a takarda. Amma duka sun shigo hannu, ba'a littafin bashi suke ba. Daren Sallah ƙarfe goma muka ja ƙofa, ba leda ko ɗaya da ta kwana, yaran suka tafi gida aka yi masu aski kamar kowa.

Bayan nan ne na fara jin wata magana na dawo mani daga bakin mutanen da ban sani ba. Wani saurayi ya taso tun daga Dutsin-Ma da kayan angoncinshi, na tambaye shi wa ya haɗa mu yace "a wurin ɗaurin aure naji ana cewa akwai wani tela a Ƙofar Ƙaura, in yace maka Alhamis to Alhamis ce, in kuma ba zai iya ba tun a tsaye zai faɗa maka." Shekara nawa ina ɗora hotunan ɗinki a Facebook da Instagram, na buga suna a leda, nayi allo mai fitila, duk ba wanda ya taɓa kawo mani mutum daga wani gari kamar wannan maganar. Babban mutumin nan ma da na maida ma direba, bayan Sallah ya aiko da kaya, kuma tun daga lokacin cikin Sha'aban yake aikowa.

Har yanzu ina fama da kaina, kada wani ya ɗauka na gama iyawa. Ko watan jiya wani maƙwabci ya tsaya mani a kai da maganar sunan ɗiyarshi, naji in sha Allah ɗin nan ta taso har maƙoshi, sai da na buɗe littafi a gabanshi muka ƙirga kwanaki tare sannan ya yarda ya kai wani wuri. Wuri biyar nike bari a ɓoye duk Sallah saboda marayun unguwa da abunda ka iya tasowa, wannan ni na zaɓa ba wanda ya matsa mani.

Kawu ya dawo da ɗinki bara, da kanshi ya kawo saura kwana goma azumi, ya zauna a benci muka sha hira. Alhaji kau har yau bai dawo ba. Naje gidanshi na bada haƙuri tun satin Sallar, yace ya yafe, kuma muna gaisawa lafiya lau in mun haɗu a masallaci. Ɗan autan nan ya ɗan ƙara tsawo, ina ganinshi da kaftani ɗinkin wani shagon.