Ba ma barin gida da kaka

Ni da maigidana mun fara fita ƙasashen waje ne bayan 'yar autarmu ta shiga sakandare. Shi malamin makaranta ne, ni kuma ina sayar da atamfa da mayafai a cikin gida, don haka kuɗin tafiyarmu na adashe ne da ɗan abin da ya ragu bayan an sayi hatsin shekara a Dawanau. Ba kowace shekara ake samu ba. In an samu, kafin a yi maganar tikiti, wata muke fara tsayarwa, domin akwai watannin da ko kyauta aka ba ni kujerar jirgi ba zan bar Kano ba.

Istanbul da sanyi muka je, a hutun Disamba. Rigunan sanyi a Ƙofar Wambai muka saya wajen 'yan gwanjo, kuma sun yi mana rana, don sanyin can jiƙaƙƙe ne, ga yayyafi ga iskar teku. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin shida kuma an kira magariba, sai ka ga azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa da kusa. Malam mutumin tarihi ne. Da muka isa Aya Sofiya ya tsaya yana zayyana mini cewa an gama ginin a 537 a matsayin coci, ya zama masallaci a 1453 lokacin da Sarki Muhammadu Fatih ya ci birnin, daga baya aka mai da shi gidan tarihi, sannan a 2020 aka dawo da salla a cikinsa. Ina jinsa, amma yatsuna sun ƙage, idona kuma yana kan wani mai kura a bakin fili da ke gasa wasu 'ya'yan itace masu ɓawo ruwan ƙasa, waɗanda suke kira kestane. Yana tsaga bayan kowane ɗaya da wuƙa, ya jera a kan wuta har ɓawon ya buɗe, ya auna ya zuba a 'yar jakar takarda. Ɗanɗanonsu tsakanin dankalin Hausa da gurjiya yake, kuma da sanyi ake yayinsu.

"Hajiya, yanzu kuɗin jirgin nan duka don ki ci gyaɗar Turkawa muka biya?"

"Malam, ginin nan ya kusa shekara dubu da ɗari biyar a tsaye, ba inda za shi. Wannan kuwa in ta huce shi ke nan."

A nan muka yi yarjejeniyar da har yau muke kanta: safiya tasa, yamma tawa. Da safe masallatai da gidajen tarihi, ban cewa uffan. Da yamma kuma mu shiga jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar, wato daga Turai zuwa Asiya cikin 'yan mintoci, da katin da ake hawa motar haya da shi. A ciki ake shan shayi a 'yan kofunan gilashi, da burodinsu mai zobe da aka barbaɗe da riɗi, tsuntsayen teku na bin jirgin ana jefa musu guntaye. Duk abin da muka kashe wa kuɗi a birnin, wannan ya fi araha, shi ne kuma na fi tunawa.

Alƙahira kuwa a dogon hutu muka je, cikin Agusta, ana zabga rana. Malam ya samu Azhar, masallacin da Faɗimiyawa suka aza harsashinsa a 970, ni na samu kasuwar Khan Khalili da shagunan lemo. Lokacin namu mangwaron ya daɗe da ƙarewa, nasu kuma yake kan ganiyarsa, ana ta yabon na Isma'iliyya. Ana matse rake a gabanka a miƙo maka ruwan a kofi. Akwai zoɓo, akwai tsamiya, har goruba da muke bar wa yara su gwaguya, su jiƙa ta suke yi su tace su sayar da sanyinta. Tun da na dawo nake yin ta da azumi.

Sauran shirin tafiya ba ya wuce abin da kowa ya sani: fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, katin allurar shawara a jaka, yaji da garin kunu a akwati don ranar da ciki ya ƙi abincin mutane.

Sai dai tafiyar Agusta tana da tsada wadda ba ta kuɗi ba. Mun dawo mun tarar masarar farko ta wuce, tafasa ta fara tsufa, kwaɗon rama ma an gaji da shi a gidan. Haka shekararmu take, kowane abu da ɗan lokacinsa. Da bazara motocin mangwaro suna cika 'Yan Lemo a Na'ibawa, a yanka kankana, a sha fura da ruwan randa, a fito da tabarma tsakar gida a kwana. Ruwan farko in ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, yara su kewaye fitila suna kama shinge. Da hunturu kuma kunun tsamiya da ƙosai da sassafe, man kaɗanya a kaushi, tumatir ya yi arha har a yanka a shanya, tsofaffi suna jin ɗumi ana ɓare rake.

Amma kaka ce ba na haɗawa da komai. Ƙanin Malam da ke noma a ƙauye yakan aiko da sabon gero tun yana zangarniya, da ɗanyar gyaɗa da ƙasarta a jiki, da kabewa. Da la'asar sakaliya sai in hura gawayi, in ɗora zangarniyar ina juyawa har ta fara ƙara tana ƙamshi, in murje a tafin hannu, in hure ƙaiƙayin. Tumu ke nan. Malam da ke yi mini dariyar kestane shi ne mai miƙo hannu tun ban gama hurewa ba, yana cewa a ƙara masa na gefen da ya ɗan ƙone. Gyaɗar kuma a dafa ta da gishiri, a zauna ana ɓarewa ana hira har a kira isha. Tumu ba ya ajiyuwa, ba a kuma samunsa a kanti. 'Yan makonni ne gero ya bushe a kai shi rumbu. Ga bukukuwan aure da dangin ƙauye ke jerawa a lokacin, tunda amfani ya shigo hannu, kuma wanda bai je na wani ba ya san abin da zai tarar ranar nasa.

Yanzu Malam ya ƙwallafa rai a kan Fas ta Maroko, yana son ya ga masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa a 859. Na ce na yarda, amma sai Disamba, bayan an gama shigar da amfani. Na kuma bincika na ji da sanyi lemon zaƙinsu yake nuna.