Kalmar sirrin gidan su Binta

Ummi ta yi sabuwar waya, tun safe take bi na ɗaki ɗaki: "Yaya, don Allah ki sa min Wi-Fi." Na ce ta ɗaga na'urar Wi-Fi ɗin ta duba kalmar sirri a takardar da ke manne a ƙasa. Ta gwada, ta ƙi shiga. Sai na tuna Yaya Sani ya canza kalmar sirrin bara, kuma ba wanda ya rubuta ta a ko'ina. Na kira shi sau biyu, waya a kashe.

Ashe tana nan cikin wayata. Na shiga saituna, na taɓa sunan Wi-Fi ɗin, na danna wurin rabawa. Wayar ta nemi zanen yatsana, sai ga lambar QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamara, ta fito, kalmar a rubuce ƙarƙashinta. Tun Android 10, a 2019, aka sa wannan, masu iPhone kuwa sai da iOS 16 ta zo a 2022 suka samu ganin tasu. Ummi ta haska kyamararta a kai, nan take ta shiga, ta fice tana murna ko godiya babu. Ni ma na ji daɗi sosai.

Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma na gangara ƙasa, inda wayar ke ajiye duk Wi-Fi ɗin da na taɓa shiga. Na tsohon ofishinmu. Na asibitin da muka yi jinyar Inna. Sai na gidan su Binta.

Na tuna ranar sarai. Na tambaye ta kalmar, ta ce, "Kawo nan ƙawata, akwai manyan baƙaƙe a ciki, za ki rikice." Ta karɓi wayar ta juya ta gefenta, ta rubuta da kanta. Ban taɓa sanin me ta sa ba, ban kuma damu ba, don duk sanda na shiga gidan wayar ke haɗa kanta tun ina bakin ƙofa.

Yau na ɗora yatsana na gani. Sunan da ita kaɗai ke kiran ɗanta da shi ne, da shekarar haihuwarsa.

Sai na ji kamar na buɗe wasiƙar da ba tawa ba. Wayar tawa ce, yatsan nawa ne, amma ai Binta ba ta faɗa min ba, juya allon ta yi da gangan. Wata takwas ke nan ba mu yi magana ba. Ga shi sirrin gidanta na hannuna, ita ba ta sani ba. Wataƙila ma ta canza ta tuni, ni ce kawai nake riƙe da tsohuwa.

Kusa da wurin rabawar akwai maɓallin da ke cewa a manta da wannan Wi-Fi ɗin. Na daɗe ina kallonsa. Na share na ofis, na share na asibiti ba tare da wani tunani ba. Nata na kasa.

 

Yaya Sani ya kira da yamma, wai me ya faru. Na ce ba komai Yaya, mun samu. Na rubuta kalmarmu a takarda na sa a durowa.

Lambar wayar Binta na buɗe a gabana yanzu, ban rubuta komai ba tukuna.