Feshi biyu, kara ɗaya

Har yau in na tuna abin da na ɗauka wayo ne, haushin kaina nake ji. Da asma na tashi, sigari kuwa a majalisarmu ta 'yan kabu-kabu a Mabera na koya. Sai na lura in na fesa Ventolin, shuɗin gwangwanin maganin asma, sau biyu kafin in kunna kara, ƙirjina ba ya kamawa. Shi ke nan, na samu lasisi. Gwangwani mai feshi 200 da ke kai ni watanni ya koma ƙarewa cikin sati uku, ni kuma ina ta yi wa mai kemis masifa wai jabu yake sayar mini.

Hunturun bara asirina ya tonu. Hazo ya rufe gari, na wuni bisa mashin, da dare na zuƙi kara biyu wurin mai shayi, da feshina kamar kullum. Wajen ƙarfe uku na farka ƙirjina na kuka kamar usur, iska ta shiga ta ƙi fita. Na fesa, na sake fesawa, shiru. Ko sunan matata na kasa kira, ƙyaure na dinga bugawa. Ƙanena ya goya ni zuwa asibiti, kaina a kafaɗarsa.

Da numfashi ya dawo, likita ta ce, "Malam, yaushe kake fesa shuɗin nan?" Na faɗa mata har da ɗan alfahari. Ta ajiye biro. Ashe shuɗin buɗe hanyoyin iska kawai yake yi na awa huɗu zuwa shida, ba ya taɓa kumburin da ke ciki. Wato da hannuna nake buɗe wa hayaƙi ƙofa ya shige can ƙasa. Ɗayan gwangwanin, mai ruwan ƙasan da ke maganin kumburin, wanda dama sai na ga dama nake shaƙa, hayaƙin taba rage masa ƙarfi yake yi. Kuɗin magani da na taba duk aljihu ɗaya, suna cin juna.

Bari ya yi wuya, musamman bayan cin abinci. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma je ka tambayi kowane mai tireda. Dole na canza majalisa, na koma goro.

Shuɗin da na saya ranar da aka sallame ni har yanzu bai ƙare ba. Mai kemis ɗin ne dai na kasa zuwa ba shi haƙuri, zagaye layinsa nake yi.